Zaɓen Iri a Ƙasar Kurni: Tarihin Koyon Ilimin Gado ta Gani da Taɓawa

Tun da aka buɗe gidan baje kolin kimiyya na Palais de la Découverte a birnin Faris a shekarar 1937, sannan Frank Oppenheimer ya kafa Exploratorium a San Faransisko ta Amurka a 1969, malaman kimiyya suka karkata ga ra'ayin cewa ilimin ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin ɗakin da ake gina jikin kowane mai rai da shi, ba ya zama daram a kan ɗalibi sai ya leƙa ta madubin ƙara girma ya gani da idonsa, ya kuma sa hannu ya gwada. Gidan tarihin ƙasar Nijar da aka kafa a Yamai a 1959, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya bi wata hanya mai kama da wannan, domin an haɗa dabbobi masu rai da masu sana'ar hannu suna aiki a gaban maziyarta. Sai dai Yamai tana da nisan sama da kilomita 800 daga Kurni, ƙaramar hukumar karkara da ke ƙasar Matamaye a jihar Damagaram, kuma a Kurni an daɗe ana koyar da ilimin gado, wato yadda siffofin iyaye ke sauka ga ƴaƴa, a bakin rumbu da cikin gona.

Masu binciken kufai sun samu shaidar noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, kuma duk abin da ya raba hatsin da ake ci yau da kakansa na daji aikin zaɓe ne na manoma. Idan kaka ta yi, maigida kan zagaya gona ko ya tsaya a kan dammunan da aka tara, yana ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, wadda tsabarta ta matse har ba a ganin gora, a ɗaure ta daban, a ajiye a wurin da ba a taɓawa ko da abinci ya ƙare. Yaron da ke miƙo zangarniyar yana ganin wadda aka karɓa da wadda aka mayar, kuma da damina ta zagayo zai ga sakamakon a gonar da ya shuka da ƙafarsa. Darasin da Gregor Mendel ya fitar daga gwajin waken Turawa a 1866, cewa siffofin iyaye suna sauka ga ƴaƴa bisa ƙa'ida, shi ne tushen wannan aiki, ko da yake manomi bai ƙidaya sakamakonsa kamar yadda Mendel ya yi ba.

Abin da ya fi koyarwa a gonar hatsi shi ne shibra. Gero tsiro ne da iska ke yi wa barbara, domin sashen mace na furensa yana fitowa kafin bununin wannan zangarniyar ya nuna, don haka yawancin ƙwayoyin da ke kanta daga bununin wasu karare suke samun uba, har da na geron daji da danginsa. Shibra tana tsakanin na gida da na daji: lokacin cira da noman firi da wuya a bambanta ta da hatsin kirki, amma da ta fitar da kai sai a ga zangarniya gajera mai gashi, wadda tsabarta ke zubewa ƙasa kafin girbi, ta sake tsirowa baɗi. Manomi ba ya ɗaukar iri daga gare ta, amma ba kasafai yake tumɓuke ta duka ba, tunda tana riga sauran nuna, mata kan yanko ta a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan sassauci, wanda malamin gona kan ɗauka sakaci ne, lissafi ne na mai iyali.

Gyaɗa kuwa ta koyar da akasin haka. Furenta yana yi wa kansa barbara, saboda haka iri yakan zauna a kan siffarsa shekara da shekaru. A zamanin da gyaɗa ke riƙe da tattalin arzikin Nijar, har aka kafa masana'antar mai a Matamaye, an yaɗa wani iri mai saurin nuna da aka fitar a Sanagal, mai lamba 55-437, wanda manoma suka laƙaba wa Ƴar Dakar. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye ke yaɗawa, ta cinye gonaki a kudancin Nijar da arewacin Nijeriya, kuma wannan iri ba shi da juriya gare ta.

A wannan shekarar ce aka kafa cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda ta gaji tashar gwaji ta Tarna a Maraɗi, daga baya kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, ta zauna a Sadore kusa da Yamai. Malaman gona suka riƙa buɗe gonakin gwaji a ƙauyuka, ana shuka ingantaccen iri kamar geron HKP a gefen na gargajiya domin mai wucewa ya kwatanta da kansa. Manoma sun lura cewa sabon irin hatsi yakan rikiɗe bayan ƴan damuna, alhali na gyaɗa bai yi haka ba, kuma bambancin barbarar tsiron biyu ne ya haddasa hakan.

Wani bincike da masanan Nijar da na cibiyar IRD ta Faransa suka wallafa a 2011 ya kwatanta irin geron da aka tattara a ƙauyukan ƙasar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan a 2003. An gano cewa manoma ba su yi watsi da nau'o'insu na gado ba, amma nau'o'in sun koma fitar da kai da wuri, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai suna PHYC, wadda ke da alaƙa da saurin fure, ya ƙaru a cikinsu a tsawon shekarun da aka sha fama da fari.