Daidaita Ma'auni a Binciken Abincin Matasa Mai Cibiyoyi da Yawa: Nazari a Kan Shirin HELENA

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda aka tsara HELENA, binciken da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa domin gano abin da matasa ke ci da yadda suke motsa jiki. An nuna cewa amincin irin wannan aiki ya rataya ne a kan daidaiton ma'auni tsakanin cibiyoyi, kuma yadda aka zaɓo matasan shi ke yanka wa sakamakon iyaka.

1.0 Gabatarwa

Tsakanin 2006 da 2007 aka tattara bayanai daga matasa sama da 3,000, 'yan shekara 12 da rabi zuwa 17 da rabi, a birane goma na ƙasashe tara: Sifaniya, Faransa, Jamus, Italiya, Beljiyam, Ostiriya, Hangari, Suwidin da Girka, wadda ta ba da birane biyu. Farfesa Luis Moreno na Jami'ar Saragosa ne ya jagoranci aikin.

2.0 Matsalar ma'auni

Idan aka ce matasan wani birni sun fi na wani ƙiba, dole mai nazari ya tambaya: bambancin daga jikin yaran yake, ko daga hannun mai awo? Kan wannan ne masu HELENA suka fi kashe ƙarfinsu. An haɗa ma'aikatan cibiyoyin aka horar da su tare, aka kuma gwada ko awon wannan ya yi daidai da na wancan. Jinin da aka ɗiba daga kusan kashi ɗaya cikin uku na matasan an riƙa tura shi babban ɗakin gwaji a Bon ta Jamus, don kada bambancin na'urori ya gurɓata lissafi.

Awon abinci ya fi wuya. An sa kowane matashi ya zauna gaban kwamfuta ya faɗi abin da ya ci jiya, sau biyu a ranakun da ba sa jere, yana zaɓen yawan abincin daga hotuna. Jerin abincin kuwa sai da aka gyara shi ga kowace ƙasa, domin karin kumallon Rum daban yake da na Sitokholm. Dabarar ta yi kyau, amma tana da tsohon rauni: mutane kan rage abin da suka ci idan an tambaye su, masu ƙiba sun fi yin haka. Motsa jiki ya ɗan fi sauƙi, tunda an ɗaura wa matasan ƙaramar na'ura a ƙugu na tsawon mako, ko da yake ba ta kama tuƙin keke yadda ya kamata.

3.0 Iyakar sakamakon

Ta makarantu aka zaɓo matasan, aji-aji, a birane masu mutane fiye da 100,000. Ke nan babu ɗan ƙauye a ciki, kuma kuskure ne a ɗauki alƙaluman Saragosa a matsayin na Sifaniya baki ɗaya. An kuma auna kowa sau ɗaya ne kawai, don haka ana iya ganin alaƙa tsakanin yawan zama da ƙiba, amma ba a iya cewa wanne ya haifar da wanne.

Mai son kwaikwayon wannan tsari a Kano ko Maraɗi zai ci karo da abubuwa biyu. Matasa da dama, musamman 'yan mata, ba sa aji, kuma hoton faranti ba zai auna rabon wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da 'yan uwansa ba. Wajibi ne a bi gida-gida wajen zaɓen matasan, a kuma gwada hanyar awon abincin a kowace cibiya kafin a fara tattara bayanai.