Tarihin Sana'ar Ɗab'i da Buga Takardun Talla a Sakkwato

Buga takardun talla shi ne auta a cikin ayyukan ɗab'i a birnin Sakkwato. Littattafan addini ne suka fara, takardun hukuma suka biyo baya, sai fastocin siyasa, daga ƙarshe ɗan kasuwa ya shigo da rasit da kalanda da allon shagonsa. Kowane zamani yana da ma'aunin da ake zaɓen mai aiki da shi, kuma wasu daga cikin ma'aunan sun girmi injin kansa.

Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Sakkwato gari ne na rubutu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Bello da Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma duk da hannu aka yaɗa su. Mai kwafa yana fiƙe alƙalamin kara, ya haɗa tawada da bagaruwa da ƙaro, ya zauna makonni ko watanni a kan littafi guda. Takardar kuwa daga nesa take zuwa. Mafi shahara ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus ko Masar su ƙetaro Sahara da ita. Tsadarta ta sa ba a ba kowa ita ya ɓata. Malamin da ke neman mai kwafa yakan duba kyan hannunsa, amma ya fi damuwa da amanarsa, domin bayan an gama sai a zauna a yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin kwafi yana gyara. Da yawa daga irin waɗannan rubuce-rubuce suna nan a gidan Waziri Junaidu da kuma hukumar tarihi da aka sa wa sunansa.

Injin ɗab'i ya shigo ƙasar ne ta bakin teku a hannun 'yan mishan: Hope Waddell a Kalaba a 1846, sai Henry Townsend a Abekuta, wanda ya fara fitar da jaridar Iwe Irohin a 1859. Ko bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, injin bai biyo su nan take ba. Fom-fom na gwamnati daga maɗaba'ar gwamnati ta Kaduna suke zuwa, littattafan Hausa kuma daga Zariya, inda Rupert East yake jagorancin Hukumar Talifi. A can aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Lokacin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna, ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma.

A wancan zamani da hannu ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, don haka tambayar farko ga kowace maɗaba'a ita ce ko tana da haruffan da ake bukata. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 aka tsayar da su, kuma ba kowa ke da su ba. Haruffan Larabci na dalma kuma irin na Masar ne, alhali almajirin ƙasar Hausa da rubutun allo ya saba. Abin da ya warware matsalar shi ne injin ofset, wanda ake ɗaukar hoton shafi a mayar da shi kan farantin ƙarfe a buga. Da shi aka iya buga rubutun hannu yadda yake. Maɗaba'un Kano irin su Oluseyi da Adebola, daga baya kuma na gida kamar Sidi Umaru Press a Sakkwato, suka cika kasuwa da ƙananan littattafan addini masu araha. Wato injin bai kashe mai kwafa ba, sai ma ya ɗauke shi aiki.

Ɗan kasuwa bai da babban rabo a duk wannan. Tallarsa a baki take: 'yan talla suna zagaya unguwa, dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa, maroƙi yana kai sunan attajiri inda ƙafarsa ba ta taka ba. Tallar da aka buga ta kamfanonin Turawa ce irin su UAC da John Holt.

Abin ya sauya bayan 1967, da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, aka kuma buɗe jami'a a 1975. Ma'aikatu da makarantu da 'yan kwangila suka bukaci takarda mai kan suna da littafin rasit da katin gayyata. Ƙananan ayyuka da injin Gestetner ake murza su, manya kuma a kai Kano ko Kaduna ko unguwar Shomolu ta Legas. Zaɓen 1979, wanda ɗan Jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari, ya lashe, ya cika bangayen gari da fastoci. Daga nan kalanda ta zama babbar hanyar talla. Dalilin a fili yake: takardar talla ana jefar da ita a ranar, amma kalanda mai kwanan watan Musulunci da na Turawa tana shekara a rataye a shago ko zaure da sunan mai ita a ƙasa.

Takarda ita ce ta hana sana'ar sakewa. Gwamnati ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma kafin ƙarshen shekarun 1990 duk sun durƙushe. Tun daga karya darajar naira a 1986, farashin rim ɗin takarda da tawada da kayan gyaran inji yana bin dala ne, shi ya sa kuɗin da aka faɗa wa mutum a wannan wata ba lalle ya tsaya har watan gobe ba.

Kwamfuta ta kawo sauyi na ƙarshe. Tsara shafi ya koma hannun matasa a ƙananan shaguna, injin fleks kuma ya karɓe mafi yawan aikin masu rubuta allo da fenti da buroshi. Ana ganin haka a Gawon Nama, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake a kan titin Garba Nadama. Taron jama'ar da asibitin ke jawowa ya tara kantunan magani da wuraren gwaji da gidajen abinci da masu POS, kowannensu da allo a ƙofa, mafi yawa kuma da rasit da sitika da leda mai tambari.

Mai irin wannan shago idan zai ba da aiki yau, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne ko wanda yake magana da shi yana da inji ko dillali ne. Da yawa suna karɓar aiki su tsara, su tura wani gari ta WhatsApp, a auno shi a mota. Wannan ba aibu ba ne in an faɗa tun farko, amma yana ƙara kuɗi da kwanaki, kuma in an sami kuskure gyara yana wuya. Yawan kwafi ma yana raba hanya: kati ɗari ya fi sauƙi a injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, dubbai kuma sai ofset, domin kuɗin faranti sau ɗaya ake biya. Ana tsayar da nauyin takarda kafin a ba da kafin alƙalami: giram 70 ko 80 ga rasit, 135 zuwa 150 ga takardar talla mai sheƙi, 250 zuwa 300 ga kati. Fleks mai araha kuwa ba ya jure ranar Sakkwato, wadda zafinta ke haura digiri 40 a watan Afrilu, nan da nan launinsa ke koɗewa.

Mafi muhimmanci shi ne tsohuwar muƙabala. Alluna da yawa suna fita ba lanƙwasa, ko da aya mai kuskuren wasali, ko da lambar waya da ta rasa lamba ɗaya, domin mai tsarawa ba ya karantawa, mai aikin kuma bai nemi samfuri ba. Maɗaba'ar kirki ba ta kunna inji sai mai aiki ya karanta samfurin ya sa hannu. Sai kuma lokaci: gab da zaɓe, da ƙarshen shekara lokacin kalanda, da makonnin bukukuwan aure kafin azumi, injuna a cike suke, kuma aikin ƙaramin ɗan kasuwa shi ake turawa baya.