Na'urar Auna Miƙewa da Ake Bugawa a Cikin Tayar Mota

Na'urar auna miƙewa siririn zane ne da ake bugawa da tawadar azurfa ko ta girafin a kan leda mai lanƙwasuwa, a manna shi a cikin taya. Duk sa'ad da taya ta danne kwalta, zanen yakan miƙe, turjiyarsa ga lantarki ta canja. Da wannan canji kwamfutar mota ke ƙiyasta nauyin kaya da ƙarfin riƙon hanya, domin daidaita birki kafin mota ta zame.

Tun 2007 Amurka ta wajabta na'urar lura da iskar taya a sababbin ƙananan motoci, sai dai ba ta auna lanƙwasar roba. Ƙalubalen sabuwar fasahar su ne jure zafi da samun wutar aiki a cikin taya mai juyawa.