Neman Sawun Kakannin da Suka Yi Yaƙin Bama

Duk iyalin da ke son rubuta tarihin kakansu da ya yi yaƙin Bama yakan fara cin karo da matsalar suna, domin Turawan da ke ɗaukar soja sun saba haɗa sunan mutum da na garinsu, ta yadda Audu Kano ko Musa Sakkwato za su yi yawa a bataliya guda. Saboda haka lambar soja, wato lambar da aka ba kowane kurtu ran da ya shiga aiki, ta fi suna amfani, kuma takan fito a takardar sallama idan gara ba ta cinye ta ba.

Wannan lamba ce ke taimakawa a gane ko mutumin yana runduna ta 81, wadda ta yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, ko ta 82, wadda ta haɗu da ita suka kama Myohaung a Janairun 1945. Waɗanda suka rasu ba a san kabarinsu ba, an zana sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, abin da iyalai da yawa ba su taɓa ji ba har yau.