Daga Ƙasari Zuwa Ruwan Kwata

'Yan'uwa, kamar yadda muka sani, jirgin ƙasa ne ya tara mu a Kafanchan. Layin dogo ya haɗu a nan cikin 1927, fadar Sarkin Jama'a kuma ta dawo garin a 1933. Kakanninmu da suka zo daga Kano, Katsina da Zazzau sun tarar da ƙasa mai albarkar damina, ga ruwan Matsirga yana zuba, amma ba su yar da al'adar tattalin ruwa da suka taso da ita ba. Dalili kuwa, rijiya ko a nan takan ja baya da bazara.

A gidajensu ruwa ba ya aiki sau ɗaya. Ƙasarin gero na awaki ne. Ruwan wanki a yayyafa a tsakar gida kafin shara. Na alwala da na wanka kuwa, makwarari ke kai shi gindin ayaba ko gwanda. Sirrin abin shi ne uwargida ta san abin da ya shiga ruwan nan, don ita ta zuba. Ba a barinsa ya kwana, balle dubagari ya zo ya tarar da sauro ya ci mai gida tara.

To, da zarar ruwa ya fita kwata ya gauraya da na masai da na masana'anta, magana ta canja. Dubi Jakara a Kano: shekara da shekaru masu lambu na shayar da latas da kabeji da ruwanta, alhali rafin Getsi na zubo mata dattin kamfanonin Bompai. Irin wannan ruwa sai injin tacewa. A Windhoek ta ƙasar Namibiya sun fara tace ruwan kwata har ya koma famfo tun 1968, amma fa da wutar da ba ta yankewa da masu gwajin ruwa kullum. Mu da famfo ke yin makonni bai kawo ba, ai wannan sai dai labari.

Abin da ya sauya a gida shi ne sabulu. Iyayenmu da toka da sabulun salo suke wanki, mu kuwa omo da bilic, masu gishirin da ke ƙona shuka. Saboda haka ruwan wankin yau a bar shi ga shara da wanke bayan gida, na alwala da na wanke shinkafa a kai wa gwanda.