Yadda Aka Yi Cinikin Garin Su Bruce Lee

Mai karatu, in dai a Gusau ka tashi, ko Tsafe, ko Bungudu, da wuya a ce ba ka taɓa tsugunawa a gidan kallo kana kallon fim ɗin Canis ba. Yawancin finafinan nan na su Bruce Lee da Jackie Chan a Hong Kong aka yi su, lokacin garin yana hannun Turawan Ingila. Kai, Lugga ɗin nan da sojojinsa suka ci Sakkwato a 1903, shi ne gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912. Ka ga ashe uban gida ɗaya muka yi da su.

Ingila ta karɓe tsibirin daga hannun Sin a 1842 bayan yaƙi, ta ƙara da Kowloon a 1860, sannan a 1898 ta karɓi hayar ƙasar da ke kewaye na shekara 99. A Disambar 1941 Japan ta ƙwace garin. Da Japan ta sha kaye a Agustan 1945 sai rigima ta tashi: hannun wa sojojinta za su miƙa wuya? Shugaban Sin na lokacin, Chiang Kai-shek, ya ce nasa, domin ƙasar Sin ce. Ingila ta ce atafau. Ba ta tsaya dogon zance ba, ta turo jiragen yaƙi ƙarƙashin Admiral Harcourt, suka iso ranar 30 ga Agusta. Shugaba Truman na Amurka ya mara mata baya. Abin da Chiang ya tsira da shi kawai, ranar 16 ga Satumba Harcourt ya karɓi saranda da sunan Ingila da kuma sunansa.

To, ina ruwan ɗan kallo da wannan? Da 'yan kwaminis suka karɓi mulkin Sin a 1949, 'yan fim da dama na Shanghai suka kwaso kuɗi da fasaha suka tare a Hong Kong. Nan aka kafa Shaw Brothers a 1958, da Golden Harvest a 1970, wanda ya fitar da Bruce Lee a The Big Boss a 1971. Da a ce Chiang ne ya yi nasara a 1945, da wuya masana'antar ta samu wannan mafaka.

Amma haya ba mallaka ba ce. Da wa'adi ya matso, Margaret Thatcher ta je Beijing a 1982 tana neman Ingila ta ci gaba da gudanar da garin. Deng Xiaoping ya ce sam. A Disambar 1984 aka sa hannu: ranar 1 ga Yulin 1997 za a miƙa garin, ya riƙe tsarinsa na shekara 50. Haka kuwa aka yi. Sai dai a 2020 Sin ta kafa dokar tsaro, a 2021 kuma aka ba hukumar tace finafinai ikon hana duk fim ɗin da ta ga ya taɓa tsaron ƙasa.

Abin lura, a zaman 1945 da na 1984 duka, mutanen Hong Kong ba su da kujerar kansu a teburin. Mu ma da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, wa ya tambayi kakanninmu?