Yadda Sojan Amurka Ya Zaɓi Ƙaramar Bindigarsa

A farkon ƙarni na 20, lokacin da Amurka ke ƙoƙarin murƙushe Musulmin Moro a kudancin Filifin, sojojinta sun koka cewa libarbarsu mai harsashin .38 ba ta tsayar da mayaƙi. Sai a harbi mutum, ya ci gaba da tahowa da wuƙarsa.

Wannan koke ne ya sa a 1904 Kyaftin John Thompson da wani likitan soja, Manjo Louis LaGarde, suka gwada harsasai iri-iri a kan gawarwaki da shanun mayankar Shikago. Gwajin bai da tsari sosai a ma'aunin kimiyyar yau, amma hukuncinsa ya zauna: kada faɗin harsashi ya gaza .45 na inci.

Kamfanoni biyu suka kai zagayen ƙarshe, Colt da Savage. Bindigar Colt, ƙirar John Browning, mai ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ta harba 6,000 ba ta cije ko sau ɗaya ba. In ta yi zafi, sai a tsoma ta a ruwa. Aka karɓe ta ranar 29 ga Maris, 1911, da suna M1911.

Ta yi shekara 74 tana aiki. A 1985 aka maye gurbinta da Beretta mai harsashin milimita 9, irin na NATO. SIG Sauer ma ta ci gwajin, amma da aka haɗa kuɗin bindiga da gidajen harsashi da kayan gyara, Beretta ta fi araha.